Zaren da Ya Ƙi Kama Baƙi

Daga Kurfi har Dutsin-Ma, in maɗinki ya ce zai yi wa rigarka aiki da baƙin Zinariya, to sai ka kwantar da hankalinka. Zare ne na tsamiya, irin wanda ake samu daga gidan tsutsar nan da ke saƙa a jikin itatuwa, a dafa shi da toka, a yage shi, a kaɗa da mazari. Mata da yawa sun iya wannan. Inda Zinariya ta bar su a baya shi ne rini. Zarenta baƙi ne wuluk mai sheƙi, kuma riga ta tsufa ta yayyage, baƙin yana nan daram.

Ba da baba take rininta ba, ba kuma da bagaruwa ba. Da 'ya'yan karara take yi, wannan mai ƙaiƙayin da kowa ke gudu. Takan je fadama da doguwar sanda ta kaɗo kwanson, ta mirgina shi cikin jiƙaƙƙen yashi har gashin ya zube, ta fasa, ta daka 'ya'yan, ta jiƙa su su kwana. Da safe ta tace, ta zuba ruwan toka, sannan ta riƙa kwarara ruwan daga wannan ƙwarya zuwa waccan don ya sha iska. Sai ka ga ya yi ja, daga nan ya koma kamar kunun kanwa, can ya rikiɗe baƙi. Zare kuwa tun ruwan yana ja ake tsoma shi, don baƙin ya tashi a jikinsa.

Wurin mahaifiyarta, Tani, ta koya. A wurin Tanin kuma ta ga abin da ya tsaya mata a rai shekara da shekaru. Tsohuwar tana da ƙarfinta, haƙoranta ba wanda ya faɗi, sai wata rana rininta ya ɓaci. Aka ce tsautsayi ne. Ya sake ɓaci, aka duba, ashe gishiri ta zuba a madadin ruwan toka. Kafin shekara ta kewayo ta fara kiran Zinariya da sunan yayar ita Tanin da ta rasu tun suna yara. Sau biyu ana tsinto ta a hanyar Wurma ba takalmi, wai za ta gidan ubanta, gidan da ya daɗe da zama gona. Shekara bakwai Zinariya ta yi tana jinyarta, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki, har Allah ya karɓi abarsa. Tun daga nan, in ta manta inda ta ajiye allura sai gabanta ya faɗi.

A shekarar 1984 damina ta ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Zinariya a lokacin ta ba hamsin baya, mijinta ya rasu, tana zaune a sashenta cikin gidan ƙanensa. Fulanin da suka saba kawo mata gidan tsutsa daga dajin Tamawa suka zo da ɗan abin da bai cika ƙwarya uku ba, suka ce itatuwan ma fayau suke. Ta lallaɓa shi, ta yi wata biyu tana kaɗi, ta sami ƙulli tara. Saura wankin ƙarshe, wanda ake tafasa zaren a fitar da sauran danƙonsa, shi kuwa yana cin ruwa, ga rijiyar unguwarsu ta koma sai a kwana ana jiran guga ɗaya. Sai ta aika da zaren Dutsin-Ma wurin ɗiyarta Hasana, wadda ke aure can, unguwarsu akwai famfo. Bayan kwana goma zare ya dawo, a naɗe tsaf yadda take naɗinsa.

Da ta ɗauka, ta ji shi wani iri a hannu. Ya yi laushi fiye da yadda ta san shi, ba ya ɗan kartar yatsa. Idonta ya riga ya fara hazo, ba ta ganin sili sosai sai ta kai shi rana. Ta ce a ranta ruwan famfo ne, ta rina ƙulli uku, suka fito baƙi, ta aika wa Hudu.

Hudu ɗan wanta ne, maɗinki a kasuwar Dutsin-Ma, shi ke sayen yawancin zarenta. Mako biyar bayan haka, da hantsi, ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya shigo da ƙunshi a hammata, ya durƙusa, suka gaisa. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi awakinta, ya tambayi rijiya, ya sake tambayar ƙafar. Ita ta goya shi yana jariri, ta san shi sarai.

"Hudu, mi ke cikin ƙunshin nan da kake ta kewaye-kewaye?"

Ya kwance a hankali. Farar babbar riga ce ta wani Alhaji mai fataucin hatsi, wata guda Hudu ya yi yana zuba mata aiki. Wanki ɗaya aka yi mata. Aikin da ya kamata ya zama baƙi ya koma toka-toka, baƙin kuwa ya bi ruwa ya malale a ƙirjin rigar har ƙasa, ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata ruwan gawayi.

"Gwaggo, ni ban zo da faɗa ba," in ji Hudu. "Mai rigar ma mutumin kirki ne, ya ce a bar zancen. Na dai ce bari ki gani, ko kararar bana ce fari ya taɓa."

Zinariya ta shafa aikin da babban yatsa, ta duba yatsan, ya yi baƙi.  Can ta ce, "Bar mini ita. Kuma don Allah kada ka gaya wa kowa. Ko Hasana."

Washegari ta sake jiƙa karara, tsohuwa ta bara, don ta fitar da zancen fari. Ta rina ƙulli ɗaya, ta shanya, ta wanke. Ruwan wankin ya fito baƙi, zaren ya fito fari-fari. Ta ce to tokar ce. Ta ƙona karan dawa da hannunta, ta tace sabuwa, tana faɗin kowane mataki da baki kamar mai karatu, ta sake rina wani. Duk ɗaya. Ta zauna gaban ƙwaryar, hannuwanta baƙi ƙirin har wuyan hannu, faratanta sun rine, amma zare ya ƙi. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa ganin haka ba. Abu ɗaya ta sani wanda ke farawa da ɓacin rini.

Daga ranar ta shiga gadin kanta. In ta shiga ɗaki ta tsaya tana tunanin abin da ya kawo ta, sai ta ce ga shi nan. In ta idar da salla sai kokwanto ya kama ta, uku ta yi ko huɗu. Ta riƙa ɗaukar sauran zaren tana murzawa, tana jin sa baƙo, tana cewa yau ga ni ban gane kaɗin hannuna ba. Ta daina zuwa fadama, kada ta fita ta kasa gane hanyar gida. Abinci ya daina shiga. Matan gidan suka tambaya, ta ce zazzaɓi ne. Abin da ya fi cin ta ba mutuwa ba ne. Tunanin Hasana take yi, da 'ya'yanta huɗu da ɗakinta ɗaya, a ce ita ma ta yi shekara bakwai tana bin tsohuwa a hanya.

Akwai wata mata da Hasana ke yawan zancenta, Dina, maƙwabciyarta, malamar asibiti. Ita da mijinta Malam Obadiya mutanen wajen Kagoro ne, aiki ya kawo su Dutsin-Ma, shi yana koyar da kimiyya a sakandare. Dina ce ta karɓi haihuwar Hasana ta ƙarshe. Zinariya ta yanke shawara za ta je ta same ta a gida, ba a asibiti ba inda za a gan ta, ta tambaye ta ko Turawa sun yi maganin da ke tsayar da wannan abu tun bai yi nisa ba. Ranar Asabar ta ƙulle rigar da ƙullin zare ɗaya a tsumma, ta zuba garin karara a ƙoƙo da tokarta a kwalba don a ga shaida, ta hau a-kori-kura. Duk tsawon hanya tana kiran sunayen ƙauyukan da suke wucewa a zuciyarta, tana jiran wanda zai ɓace mata.

Hasana ta yi murna, ta kuma tsorata da ganin yadda uwar ta rame. Zinariya ta ce ƙafarta ce za ta nuna wa Dina. Hasana ta yafa mayafi ta raka ta, gida biyu ne tsakani.

Suka tarar da Dina a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar gwanda, tana saƙa rigar sanyi ta jarirai da farin ulu. Ta tashi da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Malam Obadiya yana gefe a kan benci, dogo siriri da tabarau, ya tasa tulin littattafan ɗalibai yana dubawa da jan biro. Ya gaida su, ya ce bari ya ba su wuri.

"Zauna abinka, Malam," in ji Zinariya. "Abin da ya kawo ni, yau ko gobe kowa zai sani."

Ta fara magana, idonta a tabarma. Ta ba da labarin Tani, wanda Hasana ta sani sama-sama don tana ƙarama lokacin. Sannan ta kwance tsumman, ta baza rigar.

"Sau uku ke nan rinina yana ɓaci. Haka na uwata ya fara. Ni dai Dina ɗiyata, in akwai magani ki taimake ni. In babu, ki gaya mini gaskiya, in san yadda zan shirya."

Hasana ta dafe baki. Dina ta ajiye saƙarta, ta matso, ta riƙe hannun tsohuwar. Ta tambaye ta yau wace rana, ta faɗa. Ta tambaye ta sunayen jikokinta, ta jero su da watan da aka haifi kowanne, har da wanda aka haifa ranar da motar auduga ta kife a kwanar Kurfi. Ta tambaye ta abin da ta ci jiya, ta ce fura ce kawai, ita ma rabin ludayi.

"Mama, ni ban ga ruɗewa a nan ba," in ji Dina. "Yunwa na gani da rashin barci."

"Uwata ma tana jero sunaye da farko," Zinariya ta ce.

Duk wannan Malam Obadiya ya ajiye biro, idonsa na kan ƙoƙon nan. Ya nemi izini ya ɗauka, ya shinshina, ya tambayi mene ne. Da ta ce karara ce, kuma da ita take rini, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mama, ruwan yakan yi ja kafin ya yi baƙi?"

Ta ɗago kai karo na farko. "Wa ya gaya maka?"

"A littafi na karanta, amma ban taɓa ganin wanda ke yi ba. Za ki yarda ki haɗa shi a nan mu gani? Ba don in gwada ki ba. Ni ne ke son in koya."

Ta so ta ƙi, don tana tsoron ta yi kuskure a gaban mutane. Amma Dina ta riga ta ɗauko ƙwarya biyu da ruwan ɗumi. Garin karara ba ya buƙatar kwana in ruwan da ɗumi, sai dai a jira. Suka jira har aka yi azahar, Zinariya da Hasana suka yi salla a ɗakin Dina, aka kawo dafa-duka, tsohuwar ta taɓa kaɗan. Hasana kuwa tun da aka baza rigar nan jikinta ya yi sanyi, ko loma ba ta kai ba.

Kafin a tace, Malam Obadiya ya yi ta shiga yana fita yana tattaro abubuwa. Ya yanki ulu daga saƙar matarsa, tana yi masa tsiya. Ya zaro zaren auduga daga bakin wani tsohon gwado. Ya tambayi Zinariya ko tana da tsamiya wadda ba ta cikin wannan ƙullin. Ta yi tunani, sai ta kwance igiyar da take ɗaure bakin jakarta da ita, ragowar kaɗin shekara uku da suka wuce ce, ba a rina ba. Sannan ya sosa ƙeya ya ce akwai abu ɗaya da yake jin nauyin roƙo. Furfura yake so, sili kaɗan. Dina ta ce, "Kai dai ba ka da kunya." Zinariya ta sa hannu ƙarƙashin ɗankwali ta tsinko masa, har ta ɗan yi murmushi.

Ta tace ruwan. Ta ɗiga ruwan toka, ta ɗanɗana da bakin harshe, ta ƙara kaɗan. Ta ɗaga ƙwarya ta fara kwarara, daga wannan zuwa waccan, hannunta ko rawa ba ya yi. Ruwan ya soma ja.

"Yanzu," in ji ta.

Malam Obadiya ya tsoma su duka biyar: ulu, auduga, tsohuwar tsamiya, furfura da aka ɗaure da zare, da yanki daga ƙullin da ya ƙi rini. Zinariya ta ci gaba da juyawa tana ɗagawa suna shan iska, har ruwan ya yi baƙi ƙirin. Aka shanya su a kan igiya. Ranar da zafi, kafin la'asar sun bushe. Ya kawo sabulu da kwano biyar, ya ce ita za ta wanke da hannunta.

Ta fara da auduga. Ruwa ya yi baƙi, zare ya koma toka-toka. Ta ce, "Kun gani ko."

"Ci gaba, Mama," in ji Malam Obadiya.

Ta ɗauki ulu. Ruwan ya ɗan yi duhu kaɗan ya tsaya. Ulun ya riƙe rini, sai dai baƙinsa da ɗan ja-ja a ciki, ba sheƙi. Ta wanke furfurar, ta fito baƙa kamar gashin budurwa, Dina ta yi shewa ta ce a ajiye mata sauran ruwan. Sannan tsohuwar tsamiya. Zinariya ta cuɗa ta, ta sake cuɗawa da ƙarfi, ta ƙara sabulu. Ruwan kwanon fes. Ta ɗaga zaren a rana, baƙi wuluk, yana sheƙi. Nata ne, wanda ta sani.

 Ta ɗauki na ƙarshe, na cikin ƙullin, ta tsoma. Nan da nan ya saki, ya koma daidai da audugar, ba ka bambanta su.

Malam Obadiya ya durƙusa kusa da kwanonin. "Ƙwarya ɗaya, hannu ɗaya, lokaci ɗaya. Da kuskure kika yi, da duka biyar sun ɓaci. Mama, wannan baƙin da kike haɗawa ɗan'uwan baƙin da ke cikin fatarmu da gashinmu ne. A littafi melanin ake ce masa. Allah ya halitta shi a jiki, ke kuma kina yin irinsa a ƙwarya. Shi kuwa ba ya zama sai a kan abin da ya fito daga jikin mai rai, gashi, ulu, zaren tsutsa, abin da muke kira furotin. A nan yake samun wurin kamawa tun yana ja, ya ginu a jikin silin. Kuma kowane sili da irin baƙin da yake ba shi, kin ga na ulu daban, na tsamiya daban. Dalilin wannan ban gama saninsa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a kan auduga ba ya samun abin riƙewa sosai, sai ya taru a sama kamar ƙura, ruwa na zuwa ya tafi. Dubi faratanki. Rinin da ya kama farce haka lafiyarsa lau."

Ta dubi faratan. Wata guda tana kallon su baƙi, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba.

"To amma wanga tsamiya ce," ta ce. "Ni na kaɗa ta."

Ya ɗauko ashana. Ya ƙona bakin tsohuwar tsamiya, ta ƙudundune ta mutu da kanta, wari ya tashi irin na kan rago in ana babbaka. Ya murje tokar, ta yi ɗan dunƙule mai ƙaras-ƙaras. Sannan ya ƙona na ƙullin. Wuta ta bi shi da gudu, sai da ya hure, ya bar toka mai laushi da warin ƙonannen tsumma. Ya miƙa mata ta shinshina.

"Auduga ce," in ji Zinariya a hankali. "Auduga ce aka jiƙa da ɓawon itace ta yi kalar tsamiya."

Sai kuka ya ɓarke a bayansu. Hasana ce, ta zube gwiwa biyu.

"Inna, ni ce. Wallahi ni ce. Ranar da na ɗora zarenki a wuta, jikarki Rekiya ta faɗo daga kan katanga ta fasa goshi, na kwashe ta muka yi asibiti, Dina shaida ce. Kafin in dawo ruwan ya ƙone, zaren ya zama gawayi, duka taran. Na san wahalar da kika sha, na san bana babu wani. Na rasa yadda zan gaya miki. Na shiga kasuwa na sami wani baƙon ɗan koli da zare iri ɗaya, kaɗin hannu, ya rantse mini tsamiya ce ta kudu. Na zauna na naɗe shi yadda kike naɗi. Na ɗauka ya yi, tunda ban ji kin ce komai ba. Da na san abin da kike ciki…"

 Zinariya ta dubi ɗiyarta, ta dubi ƙullin zaren, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Ashe da na ji shi baƙo a hannuna, baƙon ne."

"Baƙo ne, Mama," in ji Dina. "Hannunki ya gaya miki gaskiya tun ranar farko."

Wani abu ya taso wa Zinariya daga ciki, ita kanta ba ta san kuka ne ko dariya ba sai da ya fito. Dariya ce. Ta yi ta har ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Hasana ta ɗago a tsorace, tana jiran faɗa.

"Tashi, ja'ira," in ji uwar, tana share ido da gefen zane. "Ke kin ɓoye mini, ni na ɓoye miki, muka bar Hudu a tsakiya da rigar mutane. Da zare tara da hankalina, wanne kike ganin zan zaɓa? Ƙona wani taran ma in kin samu." Ta jawo ta jikinta. "Amma gobe in kin yi ɓarna ki faɗa. Kin kusa kashe ni da tausayi."

Ta juya wurin Dina ta tambaya ko dafa-dukan nan da saura. Aka kawo, ta cinye kwanon tas, ta sha ruwa kofi biyu. Malam Obadiya kuwa ya ɗauko littafi yana ta tambaya yana rubutawa: toka ta wane kara, kwarara sau nawa, yaya take gane ja ya isa. Ta ce ba ta taɓa ƙirgawa ba, ido ne da hanci. Ya ce to zai zo Kurfi ya tsaya ya ƙirga da kansa. Ya liƙa zaren nan biyar a jikin kwali, ya rubuta sunan kowanne a ƙasa, ya ce ranar Litinin ɗalibansa za su gani.

Kafin magariba aka aika aka kira Hudu. Ya ji labari, ya riƙe haɓa, ya ce shi ma da yake ɗinkin ya ji allura tana tafiya da sauƙi fiye da kullum, amma wa zai ce zaren Gwaggo ba tsamiya ba ne. Ya ɗauki rigar ya ce zai warware aikin, a kai ta marina a turo ta shuɗi, tabon ya ɓace. Haka aka yi, kuma mai rigar ya karɓa da hannu biyu.

Tsamiya dai ba a sake samun ta ba sai da damina biyu suka wuce. A tsakanin nan Zinariya ba ta zauna ba. Dina ta riƙa sayo mata farin ulu in ta je Katsina, tana rinawa, masu ɗinkin hula suna so saboda wannan ɗan ja-jan da ke cikinsa, wanda ba a samu a zaren kanti. Dukawa biyu daga Wurma suka kawo mata fatar akuya da aka jeme, suka ce a gwada, ita ma ta kama. Malam Obadiya ya cika alkawari, ya zo Kurfi sau uku a kan kekensa, ya zauna a zaure aka fito masa da ƙore. Ya ƙirga kwarara arba'in da biyu a zuwan farko, talatin da takwas a na biyu, hamsin a na uku, kuma duk rinin ya yi kyau. Ya rufe littafinsa ya ce ya haƙura.

Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, aka mayar da su Obadiya can wajen garinsu. Ranar da za su tashi, Zinariya ta zo tun da safe da ƙullin gero da hula baƙa ta ulu wadda Hudu ya ɗinka. Motar kaya ta zo a makare, katifa ta ƙi shiga, sai da aka sauke kujeru aka sake lodi. Ita ce ta tsaya a gindin motar tana nuna wa 'yan lodi inda za su sa kowane kaya, tana yi musu faɗa a kan tukwanen Dina, har direba ya tambayi Hasana ko tsohuwar nan tare za a tafi da ita.